Yadda zaka lallaɓa bayanka idan ka faɗi ya kama ciwo

Daminar bara mahaifiyata ta zame a bakin rijiyar gidanmu, daidai inda gansakuka ta kama siminti, ta faɗi zaune daɓas da guga a hannunta. Kafin in iso daga kasuwa har an ciccibe ta hannu da ƙafa an kai ta ɗaki, an ɗora ruwan zafi za'a gasa mata, wata maƙwabciyarmu da nasan wallahi da zuciya ɗaya take faɗa tana cewa a nemo yaro mara nauyi ya hau bayan ya tattaka, wai jijiya ce ta hau kan jijiya. Da ƙyar na shawo kansu muka tafi asibiti, hoto ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayanta ya lotse. Har yau in na tuna maganar tattakawar nan sai gabana ya faɗi.

Ni kuma shekara uku kafin nan na taɓa zamewa a banɗaki mai tayil ina shirin alwalar asuba, bayana ya riƙe ƙam ko takalmi bana iya sawa, amma tsoka ce kawai ta bugu, cikin sati uku na koma harkokina. To kaga faɗuwa biyu, ranar farko kukan duk ɗaya ne, wayyo bayana, amma nawa motsi ne ya warkar dashi, na Inna kuwa da an matsa mata da motsin da tausar nan da wataƙila yanzu a keken guragu take. Shi yasa duk abinda zan faɗa a ƙasa ya rataya ne kan abu ɗaya, ka fara sanin wanne ne naka kafin ka bari wani ya taɓa maka baya.

Tun kana ƙasa, kafin ka miƙe

Abinda yawancinmu muke yi in mun faɗi shine muyi zumbur mu miƙe saboda kunya, musamman in a gaban mutane ne, ana sannu kana cewa ba komai. Dan Allah kar kayi haka. Tsaya a yanda kake, ja numfashi sau uku ko huɗu, sai ka gwada motsa yatsun ƙafarka duka biyun, ka juya idon sawu, ka shafa cinyoyinka da ƙwaurinka kaji ko kana jin taɓin kamar yanda ka saba. Ka lura da wuyanka ma, yana ciwo? Ka bugu a ka? In komai yana motsi kuma kana jin taɓi kuma ciwon wanda ake iya daurewa ne, sai ka mirgina ta gefe a hankali, ka dafa ƙasa ka koma kan gwiwa da hannu kamar mai rarrafe, ka kama abu mai ƙarfi ka miƙe. In ƙafa taƙi motsi, ko ta sage, ko kaji abu kamar wutar lantarki ya tsarga maka har ƙasa, ko ciwon a tsakiyar ƙashin yake kamar an kafa ƙusa, kar ka tashi, kira mutane daga nan inda kake.

Ku kuma masu kawo ɗauki, anan ne ake yin ɓarnar da bata gyaruwa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya bane, ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere kan juna, 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari yake, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne a can ƙasa, kuma ta cikin ramin dake tsakiyarsu laka ta bi kamar waya a cikin bututu, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa da mafitsara da hanji. Mutum zai iya karya ƙashin lakar bata taɓu ba, sai wajen ɗauka, wannan ya kama hammata wancan ya kama ƙafa bayan ya lanƙwashe, karyayyen ƙashin ya goce ya danne ta, shikenan ƙafa ta tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kar a zaunar dashi, kar a ɗura mai ruwa, mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu yanda kai da wuya da gangar jiki zasu zauna a layi ɗaya, a samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya lokaci ɗaya kamar gungumen icce a tura katakon ƙarƙashinsa, a ɗaure shi da zani ko rawani a ƙirji da ƙugu da gwiwa. Motar da za'a kwantar dashi a miƙe ake nema, bayan a-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujeru, ba acaɓa ba, ba adaidaita sahu ba. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, in kuma a kan titi ne hatsarin ya faru akwai 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, a gwada su tun ana neman katakon.

Alamomin da ba'a kwana dasu a gida

Ko da ka tashi da ƙafarka ka shiga ɗaki, akwai abubuwan da in ka gani ranar ko cikin kwanakin da suka biyo baya, asibiti zaka nufa a lokacin ko tsakar dare ne. Babbansu shine fitsari, in ya ƙi fita kana jin mara ta cika, ko yana zubowa baka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka. Sai sagewar tsakanin cinyoyi da gaba da dubura, wato ka zo tsarki kaji kamar ba jikinka kake taɓawa ba, mutane da yawa kunya ke hana su faɗin wannan kuma shine mafi hatsari, dan jijiyoyin da suka fito daga ƙarshen laka ne aka matse, ana kirga lokacin ceto su da awanni ne ba da kwanaki ba. Sai ƙafa ta rinƙa rauni, kana tafiya tana jan ƙasa ko silifas yana fita baka ji ba, ko ciwo yana sauka ƙafa biyun duka. Jini a fitsari ma haka, domin ƙoda a baya take ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, faɗuwa kan dutse ko gefen matakala tana iya taɓa ta. Numfashi yana yin wuya, ciki ya kumbura yana ciwo, jiri, amai ko ruɗewa bayan buguwar kai, duk kar a jira gari ya waye.

Akwai kuma waɗanda ko basu ga ko ɗaya cikin waɗannan ba ya kamata a duba su. Wanda ya faɗo daga sama, tsani ko rufin ɗaki ko bene ko bishiyar mangwaro ko dabino, ko babur ya kayar dashi ko doki ko raƙumi. Wanda ya kai shekara 65 zuwa sama, musamman iyayenmu mata da al'ada ta ɗauke musu, ƙashinsu yana yin sakayau ta yanda faɗuwa zaune kawai ta isa ta lotsa shi, irin na Inna kenan, kuma inda haƙarƙari ya ƙare kwankwaso ya fara nan ne yafi karyewa. Mai juna biyu ko da bata ji komai ba, balle in taga jini ko ruwa ko motsin ɗa ya ragu, kuma ta faɗa musu tana da ciki kafin a ɗauki hoto. Wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon daji. Sannan ga wanda ba'a cika faɗa ba, 'yan uwa mata masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, da masu shan deksametason ko firedinisolon na tsawon lokaci saboda asma ko ciwon gaɓoɓi, waɗannan magungunan suna cinye ƙarfin ƙashi a ɓoye, yarinya 'yar shekara talatin sai ƙashinta ya zama kamar na tsohuwa. In kina sha ki faɗa wa likita gaskiya, ba zai ci ki ba, kuma kar ki daina sha rana ɗaya da kanki dan shima yana da nasa hatsarin, a hankali ake janye shi.

A asibiti likita zai danna ƙashin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada ƙarfin ƙafa da jin taɓi, shine zai ce a ɗauki hoto ko a bari. Hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi kawai yake nunawa, baya nuna laka ko faifan guringuntsin dake tsakanin ƙasusuwa, wannan sai wani hoto na musamman da ake kira MRI, shi yasa wani za'a ce hotonsa lafiya lau amma ƙafa tana sagewa, to kar ka yarda maganar ta tsaya nan. Haka kuma in likita ya duba yace ba sai an ɗauki hoto ba kar kaga kamar ya raina ciwonka, yawancin buguwar tsoka hoto baya ƙara komai sai kashe kuɗi. In abin ya wuce ƙaramin asibiti ka nemi takardar turawa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano a Kano, akwai na Shika a Zariya, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, 'yan uwanmu na Nijar kuma manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram.

To in an tabbatar tsoka ce ko jijiya ta bugu, ga yanda ake jinyar gida.

Kwana biyu zuwa uku na farko

Ka sani tun yanzu ciwon yakan fi tsanani washegari da jibi fiye da ranar da ka faɗi, ka tashi da safe kaji bayan ya sandare kamar an ɗaura maka katako, wannan tsokar ce ta ɗaure kanta tana kare wajen, ba wai abin ya lalace bane. A waɗannan kwanakin sanyi ake sawa ba zafi ba, mu kuma mun saba da an bugu sai a ɗora ruwan zafi, alhali wajen yana kumbura ne daga ciki kuma zafi yana ƙara kawo jini. Samu ledar fiya wata guda biyu da suka daskare, in babu wuta a sayo ƙanƙara wajen masu sayarwa, a naɗe da tawul ko tsumma mai tsabta, kar a ɗora kai tsaye kan fata dan tana ƙuna kamar wuta, a sa minti 15 zuwa 20 a cire, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Amma mai sikila kar a sa mai ƙanƙara ko kaɗan, sanyi yana tayar musu da ciwo, shi ɗumi-ɗumi ne nasa da shan ruwa sosai, kuma in ciwon yayi kama da wanda ya saba tashi masa a kai shi asibiti.

Maganar ƙwaya kuma ina so in daɗe a kanta dan anan muke cutar kanmu. Farasitamol mai 500, babba yana shan guda biyu duk bayan awa shida, kar ya wuce guda takwas a kwana ɗaya, kuma ka duba maganin mura da na ciwon jiki da kake sha dan da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai ka haɗa biyu ka wahalar da hanta baka sani ba. Mai ciwon hanta ko ɗan ƙaramin jiki sosai bazai sha har takwas ɗin ba, yara kuma da nauyinsu ake auna musu. Ibufurofen mai 400 yafi kama irin wannan ciwon, sau uku a rana bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kawai. Amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da wanda asmarsa ke tashi in ya sha irinsa, su bar shi, mai hawan jini da dattijo kuma su tambayi likita tukun. Abinda yafi damuna shine haɗin da ake ƙullowa a leda a kemis ko wajen masu talla a tasha, ja da fari da rawaya an cire su daga kwalinsu, sau da yawa zaka samu ibufurofen da dikulofenak da firoksikam duk a ciki, kuma duk dangi ɗaya ne, haɗa su baya ƙara sauƙi sai dai ya huda ciki ya taɓa ƙoda, balle a zafin nan namu da mutum ke wuni yana gumi baya shan ruwa. Ɗaya ake sha cikinsu. In bayan gidanka ya koma baƙi kamar kwalta ko kayi aman jini, ka daina nan take ka tafi asibiti. Taramol kuwa, sai in likita ne ya rubuta kuma ya faɗi ranar dainawa, matasa nawa muka sani a unguwa da ciwon baya ne ko gajiyar aiki ya fara kai su gare shi, yau ciwon ya warke ƙwayar taƙi sakinsu.

Kwanciya da tashi

In zaka kwanta ta gefe ka ɗan lanƙwasa gwiwa ka sa filo a tsakaninsu. In rigingine ne ka sa filo ɗaya ko biyu ƙarƙashin gwiwa, zakaji kwankwason ya sauka ya saki. Rub da ciki ka haƙura dashi tukun. Katifar da ta lotsa a tsakiya kamar kwale-kwale a sauke ta ƙasa ko a canza, amma ba sai ka koma kan siminti da tabarma zalla ba kamar yanda ake cewa, mai ɗan tauri da take ɗan karɓar jiki ita ce daidai.

Tashi daga gado shine abinda yake sa babban mutum ƙwalla, kuma akwai dabararsa. Kar ka ɗago kai tsaye daga rigingine. Lanƙwasa gwiwa, mirgina ta gefe kafaɗa da ƙugu su tafi tare, matso bakin gado, sauke ƙafafu ƙasa a daidai lokacin da kake tura jikinka sama da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun, zauna ka huta kaɗan, sannan ka dafa cinyoyi ka miƙe. Kwanciya ma haka zaka bi a juye. In atishawa ko tari ya taho ka dafa bango ko cinyarka ka ɗan saki gwiwa.

Kar ka zama ɗan gado

Wannan shine inda nake samun saɓani da mutane. Ana ganin kulawa ita ce a kwantar da mutum sati biyu ana kawo mai kunu har gado ana hana shi ko ɗaukar buta, amma in dai ba karaya bace kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara ciwon take, tsoka tana saki, baya yana ƙara sandarewa, ciki ya ɗaure, ga tsoron motsi ya shiga zuciya. Tun rana ta farko ko ta biyu ka rinƙa tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu ka zaga tsakar gida minti uku zuwa biyar, gobe ka ƙara, jibi ka leƙa ƙofar gida, kafin sati ya zagayo ka kai masallacin unguwa ka dawo. Yanda zaka gane ko ka wuce gona da iri, in ciwon ya ɗan motsa lokacin tafiyar amma ya lafa bayan ka huta, kana kan hanya, in kuma ya ƙaru ya kwana ya wuni ko ya fara sauka ƙafa, to rage rabi ka sake hawa a hankali. Zama mai tsawo yafi tsayuwa cin baya, kar ka wuce minti ashirin zuwa talatin a zaune baka miƙe ba, ka guji kujerar kushin mai nutsewa da 'yar tsugunno da zaman tabarma a majalisa, ka samu kujera mai jingina ka naɗe tawul ka tokare kwankwaso.

Sallah ma kar ka takura kanka. Sahabi Imrana ɗan Husaini da rashin lafiya ta dame shi ya tambaya, Manzon Allah (SAW) yace masa yayi sallah a tsaye, in bazai iya ba a zaune, in bazai iya ba a kan gefensa. Mutane da yawa tsayuwar basa jin komai, ruku'u da tasowa daga sujada ne wahalar, to ka ajiye kujera a bayanka ka tsaya inda zaka iya ka zauna inda ya gagara, kana samun sauƙi kana komawa yanda ka saba. Wajen alwala ka zauna kan abu mai tsayi ka ɗora ƙafa kan dutse ko bokitin da aka kife maimakon ka tsaya da ƙafa ɗaya a wajen santsi. Masan tsugunno kuma yana da wuya a satin farko, a samo kujerar roba a huda tsakiyarta a ɗora a kai, mu haka muka yi wa Inna. Kuma a sha ruwa, a ci ganye, zogale, rama, alayyahu, gwanda, lemo, dan yunƙurin bayan gida mai tauri da ciwon baya azaba ce ta daban.

Bayan kwana uku: gashi, tausa, da maganar mai ɗori

Yanzu ne ruwan zafin yake da amfani. Tawul a tsoma a ruwa mai ɗumi a matse a ɗora minti 15 zuwa 20, ko a zuba ruwan a gora a naɗe da zani, ko wanka da ruwan ɗumi da safe lokacin da bayan yafi sandarewa. Mai ɗumi nace, ba irin na wankan jego ba, kuma kar kayi barci da gorar a jikinka, mai ciwon suga da tsofaffi a gwada musu zafin da hannun wani dan fatarsu tana iya ƙonewa basu ji ba. Man zafi irin su Robb da Aboniki ko man dikulofenak suna ɗan rage raɗaɗi, a shafa a fatar da bata da ƙujewa, amma kar a shafa sannan a ɗora ruwan zafi a kai. Tausa a yi ta da tafin hannu a naman dake gefe da gefen ƙashin, a hankali, ba a kan ƙashin ba, ba da gwiwa ba, ba da taɓarya ba, ba hawa da ƙafa.

Nasan akwai masu ɗorin gado da mutane suka yarda dasu kuma bazan zauna ina zaginsu ba, amma baya ba hannu bane ba ƙwauri bane, babu wanda yake iya ganin abinda ke kusa da laka da yatsunsa, ja da murɗawa da bari kaji ƙas a bayan da ba'a ɗauki hotonsa ba caca ce da ƙafafunka. Ƙaho da tsaga kuma basa ɗora ƙashi basa sakin jijiyar da aka matse, in ma za kayi ƙahon bari sai an san me ke damunka, kuma kar a yi da askar da aka yi wa wani.

Motsa jikin da zaka fara

Da zarar zafin farko ya lafa, kamar kwana uku zuwa sati, ka shimfiɗa darduma ko bargo ka kwanta rigingine gwiwa a lanƙwashe tafin ƙafa a ƙasa. Na farko ka matse cikinka ka danna kwankwaso ya taɓa ƙasa, ƙirga biyar ka saki, sau goma. Na biyu ka kamo gwiwa ɗaya da hannu biyu ka jawo ta wajen ƙirji iya inda zata zo ba dole, riƙe kamar daƙiƙa 15 zuwa 20, ka canza ɗayar. Na uku ka haɗa gwiwoyin ka kwantar dasu dama a hankali ka dawo ka kai hagu, kafaɗa tana ƙasa. In waɗannan sun zauna maka sai ka koma kan gwiwa da hannu, ka turo baya sama kamar kyanwar da ta ga kare sannan ka sake shi ya lotsa, a hankali kana numfashi. A sati na biyu ko na uku ka ƙara da ɗaga ɗuwawu sama daga kwance ka riƙe biyar ka sauke, da miƙa hannun dama da ƙafar hagu lokaci ɗaya kana kan rarrafe sannan ka canza. Safe da yamma, minti goma ya isa. Jan tsoka kaɗan ba komai, amma duk wanda ya harba maka ciwo zuwa ƙafa ka bar shi. Wanda aka ce yana da karaya ko lotsewar ƙashi kuwa kar ya taɓa ko ɗaya cikin waɗannan sai abinda likita da masu gashin ƙashi na asibiti suka tsara masa, irin wannan yakan ɗauki wajen wata uku kafin ya haɗe, Inna ma sai da ta sha bel na asibiti da zuwa gashi kafin ta koma tafiyarta.

In a zaune ka faɗi kuma ɗan ƙashin can ƙarshe da ake zama a kansa ne yake ciwo, shi naci gare shi, yana iya kai makonni har watanni. Samu soso mai kauri ka yanke bayansa kamar baki yanda ƙashin zai zauna a iska, ka tafi dashi ko'ina har mota, in zaka zauna ka ɗan karkato gaba, tashi daga zama ne yafi zafi dan haka ka dafa ka tashi a hankali.

Komawa aiki

Ba sai ciwon ya tafi gaba ɗaya zaka koma kasuwa ko ofis ba, ka koma da rabin wuni ka bar wa yara ɗaukar kaya. Sati huɗu zuwa shida na farko ka haƙura da jarkar ruwa, lita 25 kilo 25 ce ba wasa ba, da buhu, da jan guga, da tura babur in ya mutu. Ke kuma uwar gida daka da wanki a duƙe da shara da gajeriyar tsintsiya da goyon yaro mai nauyi, waɗannan sune suke maida ciwo sabo, a ɗora bahon wankin kan tebur ko benci, a ɗaura wa tsintsiya sanda, kuma maigida dan Allah kar kaga tana tafiya da ƙafarta kace ai ta warke. In ɗaukar abu ta zama dole ka matso dashi jikinka, ka tsuguna da gwiwa ka tashi da ƙarfin cinya, kar ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya ƙafarka gaba ɗaya. Tafiya a acaɓa kan hanya mai ramuka ka ɗaga mata ƙafa in da hali, doguwar tafiya a mota kuma ka nemi kujerar gaba ko tsakiya ka sauka ka miƙe duk inda aka tsaya. Mai shan sigari ya sani tana jinkirta warkewar ƙashi da nama.

Yawancin irin wannan ciwon yana yin sauƙi sosai cikin sati biyu, zuwa sati shida mafi yawa sun koma daidai. In sati biyu suka wuce babu ko alamar sauƙi, ko shida suka cika yana nan, ko yana ƙaruwa maimakon raguwa, koma asibiti. Haka in yana tashinka cikin dare ko wane gefe ka juya, ko ga zazzaɓi da gumin dare da rama, ko kaga wani ƙashi ya turo a tsakiyar baya kamar ƙaramin doro, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma muna dashi a ƙasar nan, wani lokacin dama yana ciki faɗuwar ce kawai ta tona shi, kuma yana da magani in an gano da wuri. Dattijon da dama yake fama da wahalar fitsari sannan ga ciwon baya yaƙi tafiya shima a duba shi da kyau.

Sannan ka koma wajen da ka faɗi ka dube shi. Mu washegarin da aka sallamo Inna muka kankare gansakukar da burushin ƙarfe, muka sa aka sake simintin bakin rijiyar da kaushi aka fitar mai da hanyar ruwa, muka sa ƙwan fitila mai caji a hanyar bayi, muka kafa ƙarfen dafawa a bango, silifas ɗinta da gindinsa ya shafe kuma na jefar dashi da hannuna duk da tana cewa ai da sauransa.